Mayafan Bayan Raga

A zauren ƙanƙara na garin Kuusranta, bayan ragar arewa, babu kujera ko ɗaya. Matakala ce ta siminti, hawa-hawa, kowane hawa da dogon ƙarfe a gabansa na dafawa. A nan masu ƙaramin ƙarfi suke tsayawa su kalli ƙwallon gora na kan ƙanƙara, kuma a nan Tuovi Karhunen ta tsufa.

Dokar wurin ɗaya ce, ba kuma a rubuce take ba. Idan ka zo da wuri ka ɗaure mayafin wuyanka a jikin ƙarfe, wurin ya zama naka. Ka tafi shan kofi, ka tafi cin gasasshen naman da suke kira makkara, ka je gida ka yi faɗa da matarka ka dawo, babu mai taɓa maka shi. An sha dambe a matakalar nan a kan alƙalin wasa, a kan siyasa, a kan budurwa, amma ba a taɓa jin wanda ya kwance mayafin wani ba.

Ta wannan doka Tuovi ta samu miji. Tana sabuwar ɗauka a ɗakin girkin kamfanin takarda ta zo kallo karon farko, ta je ta tsaya a gaban wani koren mayafi. Mai shi ya dawo da kofi a hannu, dogo, sanyi ya mai da kunnuwansa jajur.

"'Yammata, kin shiga gonata."

"Ban ga sunanka a jiki ba."

"Ga shi nan, uwata ce ta saƙa da hannunta. Amma tunda ke ce, mu raba. Ke rabi, ni rabi."

Aulis ke nan. Rabin nan suka yi ta rabawa har ya bar duniya.

Ba gwamnati ce ta gina zauren ba, gayya ce. Ma'aikatan kamfani ne suke tashi daga aiki su wuce kai tsaye ɗaukar siminti. Aulis da amininsa Kalervo su suka yanka ƙarafan dafawar, suka yi musu walda, suka ɗaure su da noti. Tuovi kuwa ita ce mai tukunyar miyar wake. A shekarun nan idan ana wasa, ba ka da sararin ɗaga hannu ka sosa kai. Numfashin mutane yana tashi kamar hayaƙin girki, ƙafafu suna dukan siminti har sai ka ji a haƙoranka. Golan baƙi da ya tsaya a ragar arewa yakan koma gida kunnensa na ƙara.

Sai aka rufe kamfanin. Samari suka kwashe kayansu suka yi kudu. Waɗanda suka rage suka gano cewa a talabijin ana ganin wasan ba tare da yatsun ƙafa sun daskare ba. Aka ƙara wa tikiti kuɗi, aka mai da wasu wasannin tsakiyar mako don masu talabijin sun fi son haka. Ba rana ɗaya mutane suka watse ba. Bana ka iya ɗaga hannu, baɗi ka iya ajiye jaka a gefenka, shekara ta gaba ka ji alƙalin wasa yana jan majina.

Kalervo ne ya fara rasuwa. Bayan jana'iza matarsa ta kawo wa Tuovi mayafinsa, mai ƙunar walda a gefe guda.

"Ki riƙa ɗaure masa. Kin san halinsa, ba zai so wani ya tsaya a wurinsa ba."

Da Aulis ya bi shi, mayafai suka zama uku a hannunta. Daga nan duk mai barin gari sai ya biyo ta gidanta ya ce, "Tuovi, a riƙa kama mini wuri, zan dawo." Masu ciwon gwiwa suka kawo nasu, 'ya'yan mamata suka kawo na iyayensu. Ta sayi babbar jaka. Kowace ranar wasa ita ce take fara isa, ta bi ƙarafan hawa-hawa tana ɗaurewa, kowa a wurinsa, ba ta taɓa haɗa maƙiya kusa da juna ba. Idan ka hango daga nesa sai ka ga bayan raga ya yi kore shar. Sai ka matso za ka ga tsofaffi ne 'yan kaɗan, kowa tsaye tsakanin mayafai.

Cikinsu akwai Urpo mai ganga, tsohon direban kamfani, wanda tari ba ya barinsa rani da hunturu. Akwai Sirkka, wadda ba ta taɓa yabon ɗan wasa ba sai bayan an sayar da shi. Duk lokacin da mai sanarwa ya faɗi yawan 'yan kallo, sai Urpo ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Dubu da nawa ya ce? Tuovi, sun haɗa da mutanen jakarki."

"Ai su ma sun fi ka kallon wasa. Kai tari ka zo yi."

Manajan ƙungiyar a lokacin shi ne Ilari, ɗan Kalervo. Tuovi ce ta riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma, ita ta saya masa takalmin zamiya na farko. Ya buga wa garin wasa har gwiwa ta ƙare shi, ya tafi kudu karatu, ya dawo da kwat da wayoyi biyu. Duk da haka Goggo yake kiranta, kuma bai daina cire takalmi tun daga baranda ba.

Wata rana a watan Agusta ya same ta a kicin tana tsince 'ya'yan itacen da ta ɗebo a daji. Ya zauna a kujerar Aulis, ta zuba masa kofi, ta yanka masa waina.

"Goggo, gayya nake so."

"To ka kira mana. Ba kai ne manaja ba?"

"In ni na kira, Urpo ne kaɗai zai zo, shi ma don miya. Ke ce in kin buɗe baki ake fitowa."

"Aikin me?"

"Ƙarafan bayan raga. Tsatsa ta cinye su. A kwance, a kai a goge, a yi musu fenti."

Ta ajiye kwanon. Shekara da shekaru tana wanke jan tsatsa daga jikin mayafai, tana ƙorafi babu mai ji.

"Yaushe za a mayar?"

"Kafin wasan farko suna nan a wurinsu."

"Kore, Ilari. Kada wani mai digiri ya ce maka toka-toka."

"Kore, Goggo," ya ce, ya miƙa hannu ya ƙara waina.

A Kuusranta ba a tambayar mai kiran gayya dalili. Ba a biyan kowa, ba a sa hannu a komai. Fuskar wanda ya kira ake dubawa, in an yarda da ita a zo da kayan aiki. Tuovi ta bi gida-gida, ta tsaya a ƙofar kanti, ta tare mutane a bakin coci. Ranar Asabar ɗin da aka sa, mutanen da suka taru a bayan raga sun fi waɗanda suke zuwa kallon wasa. Har waɗanda suka daina zuwa tun tuni sun zo, suna ɗan sunkuyar da kai, kowa da sifana a aljihu.

Notocin suka ƙi kwantuwa. Urpo ya hau kan sifana da ƙafa biyu yana nishi.

"Wannan ɗaurin Aulis ne, na rantse. Mutum ya mutu bai bar taurin kai ba."

"Na Kalervo ne," in ji Sirkka. "Na Aulis da tuni ya faɗi da kansa."

"Ina jin ku," Tuovi ta ce daga wajen tukunya. "Duk wanda ya ƙara taɓa mijina, babu ƙari."

Da ta ga an iso hawan da suke tsayawa, sai ta goge hannu ta karɓi sifana. Ta ce wannan nata ne. Aka zuba mai, aka jira, ta danna da dukan ƙarfinta har notin ya yi ƙara ya saki. Aka yi mata tafi. Ita ta kama gefe guda na ƙarfen aka kai shi cikin babbar motar da take jira a waje, tana cewa direban ya bi a hankali kada ya lanƙwasa.

Bayan an sha miya da baƙin burodi, Ilari ya zo da wani mutum mai makirfo a kan doguwar sanda. Ya ce ƙungiya tana haɗa abin tarihi, ana son muryar bayan raga kafin masu ita su ƙare. Aka yi dariya, aka hau matakalar da babu ƙarfe, mutane suna dafa kafaɗar juna. Urpo ya ɗauko ganga daga mota. Suka rera waƙar shigowar 'yan wasa, wadda iyayensu suka rera, har idon wasu ya kawo ruwa.

"Yanzu ku yi kamar an ci," in ji mai makirfo.

"Wa ya ci?" Urpo ya tambaya.

"Ku."

"To ka ba mu lokaci mu tuna yadda ake yi."

Suka yi ihun ci. Suka yi ihun zagin alƙali, wannan kam ba a buƙaci maimaitawa ba. Ilari ya ce, "Goggo, saura naki." Kowa a garin ya san kiran da take yi idan 'yan wasa suka yi sanyi. Ta haɗa tafin hannu a baki ta saki murya: "Ku farka mana, 'ya'yan nan, ba gado ba ne!" Urpo ya biyo da tari. Ranar ta koma gida bayanta na ciwo, tana jin ta fi shekarunta ƙuruciya. Ta wanke mayafan duka ta shanya, tunda ƙarfe mai tsabta za su hau.

Ranar wasan farko ta iso da wuri kamar kullum, da jakarta. Ƙofar arewa a kulle. Wata mai gadi da ba ta sani ba ta duba tikitinta ta nuna mata ƙofar gabas.

"Ni a arewa nake tsayawa."

"An mai da kowa gabas, Iya. Ga lambar kujerarki nan a jiki."

Ta shiga. Ta tsaya a bakin hanya har sai da wani ya ce ta ba shi wuri.

An lulluɓe bayan raga gaba ɗaya da tamfol, tun daga sama har ƙasa. A jikin tamfol ɗin an buga hoton 'yan kallo, cunkus, samari da 'yammata masu fararen haƙora, kowa da koren mayafi a wuya. Babu fuskar da ta sani. A tsakiya an rubuta sunan wani mai sayar da tayoyi da manyan baƙaƙe. Mutanen gari kuwa an tattara su duka a ɓangare ɗaya, wanda kyamara take kallo, an jera su kusa da kusa don su yi kama da taro.

Ta sami Urpo a zaune da ganga a kan cinya, kamar mai jiran likita. Sirkka tana gefensa, ba ta ɗago ba.

"Watakila fentin ne bai bushe ba," in ji Urpo. Shi kansa bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Aka rage fitilu, 'yan wasa suka zubo kan ƙanƙara. Sai waƙa ta tashi daga bayan tamfol, da ƙarfi, da ganga, kamar mutum dubu ne. Tuovi ta gane muryar Sirkka da take hawa sama da ta kowa. Ta gane inda wani mai gyaran famfo ya shiga waƙar kafin lokaci ranar gayya. Gangar da take kan cinyar Urpo ba ta motsa ba, amma ga kiɗansa yana cika zaure daga lasifika.

Wasa ya ɗan yi nisa, baƙi suka matsa wa 'yan gida. Sai ta ji kanta: "Ku farka mana, 'ya'yan nan, ba gado ba ne!" Sannan tarin Urpo.

Wasu baƙi a baya suka yi dariya. Mutanen gari ba su yi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallonta, waɗanda ta ƙwanƙwasa wa ƙofa, waɗanda suka zo da sifana.

"Ke kika kira mu," Sirkka ta ce, a hankali, idonta a kan ƙanƙara.

Sai a lokacin Tuovi ta lura a tsaye take, tana lalubar abin dafawa a gabanta. Wani ya taɓa ta daga baya.

"Iya, a ɗan zauna, kin tare mini."

Ta zauna. Ba ta taɓa ganin wasan daga zaune ba. Komai ya yi mata kamar a kwance.

Da aka tafi hutu ta ɗauki jaka ta hau bene, inda ake ba masu talla abinci a bayan gilashi. Ilari ya hango ta, ya fito da sauri ya ja ƙofa.

"Goggo, na so in zo gida in yi miki bayani."

"Ina ƙarafan?"

"Ki bari mu zauna tukuna."

"Na zauna, ya ishe ni. Ina ƙarafan?"

Ya shafa ƙeya. "An yanka su. Masu tsohon ƙarfe sun kwashe."

"Yaushe?"

"Motar can ta wuce da su tun ranar."

Ta tuna yadda ta ce wa direban ya bi a hankali.

"Ki ji ni, Goggo. Masu talabijin sun ce ba za su ƙara nuna fili babu kowa ba. In suka janye, masu talla sun janye, in masu talla sun janye, babu ƙungiya. Ku nawa ne a can? Akwai ranar da na leƙo na ga 'yan wasan da suke benci sun fi ku yawa. Mayafi ba ya sayen tikiti. Duk waɗanda suka zo gayyar nan, ina suke bara? Ina suke bara waccan? Suna gida a kan kujera mai laushi, ni ne zan zama mugu."

"Ban ce ƙarya kake yi ba."

"To me zan yi? Da na faɗa miki gaskiya, za ki kira su?"

"A'a."

"Kin gani."

"Na gani. Da ka ɗauko 'yan kwangila suka kwance, da na zage ka a gaban kanti, na ƙi gaishe ka har Kirsimeti, sannan na dawo na zauna inda ka ce. Amma ka zo kicin ɗina. Ka zauna a kujerar Aulis, ka ci wainata, har ka ƙara."

"'Yan kwangila kuɗi ne, kuma da hayaniya. Da sai an yi taro, an yi ta ja."

"Shi ya sa ka ari fuskata."

A ƙasa aka busa ƙaho, lasifika ta sake ɗauko waƙar daga farko.

Tuovi ta buɗe jaka. Ba ta yi lalube ba, ta san kowane da hannu. Ta zaro mai ƙunar walda a gefe, ta kama hannun Ilari ta sa masa.

"Ga babanka. Na riƙe masa wuri iyakar yadda na iya. Yanzu kai ka nema masa."

"Goggo."

"Ka koma, baƙinka suna jira."

Ta sauko ta fita ta ƙofar gabas. Tana ƙetare filin ajiye motoci ta ji ihun ci ya tashi a bayanta. Ba ta san ko an ci ɗin ne da gaske ba.

Makonnin da suka biyo baya ta sake bin gidajen da ta bi a watan Agusta, da jaka a kafaɗa. Kowace ƙofa magana ɗaya take yi: "Ga naku. Babu inda zan ɗaure. Ku yi haƙuri da kiran da na yi muku." Wasu suka ce ta shigo ta sha kofi. Wasu suka karɓa a bakin ƙofa suka ce to. Na mutanen kudu ta aika musu ta gidan waya. Sirkka ta karɓi na mijinta, ta juya shi, ta shinshina.

"Har kin wanke."

"Na wanke."

"Shigo, sakarya. Ni ma ai na yi waƙar, babu wanda ya matse mini wuya."

Urpo ya yi wasa biyu bai je ba, a na uku ya koma. Ya zo da kansa ya faɗa mata, yana murza hula.

"Sun ba ni wuri kusa da tamfol. Sun ce in riƙa bin na'urar, kada in riga ta."

"Tarin fa? Kai za ka yi ko ita?"

"Tuovi, ina zan je ranar Asabar? Ki faɗa mini."

Ta zuba masa kofi.

Da bazara ta zo aka nemi gayyar gyaran gadar katako ta bakin tafki, aka aiko wajenta ta kira mutane, kamar yadda aka saba. Ta ce a nemi wani. Ta aika da tukunyar, ba ta je ba.

Wasan kam ba ta daina kallo ba, shi bai yi mata komai ba. Jikarta ta haɗa mata talabijin a kicin. Ranar farko da ta kunna, mai sharhi yana cewa duk ƙasar babu inda ake goyon bayan ƙungiya kamar arewacin zauren Kuusranta, a saurara a ji. Tuovi ta saurara. Ta ji wata tsohuwa tana ce wa 'ya'yan nan su farka.

Ta kashe sautin. Tun daga ranar haka take kallo, shiru, a tsaye a bayan kujerar Aulis, hannunta a kan makarin kujerar. Mayafinsa yana wuyanta. Tsakiyarsa ta kanannaɗe a wurin ƙulli, ta sha guga ta ƙi miƙewa.